Amsoshin Tambayoyinku: Me Ake Nema a Tarkacen Ɗamarar Rumawa?

TAMBAYA

Ni baduku ne, a sana'ar na tashi, a cikinta kuma na yi furfura. Ɗana da ke karatu a Jamus ya shiga wani gidan tarihi ya turo mini hotuna ta waya. Na ga an jera waɗansu 'yan guntattakin ƙarafa a cikin gilashi, duk sun yi kore, wasu ma a karye. Ya ce wai kayan ɗamarar sojojin Rumawa ne da na dawakinsu, daga ƙasa aka tono su. Da a rumfata na tsinci irinsu, 'yan gwangwan zan miƙa wa. Tambayata uku ce. Ta yaya aka san na ɗamara ne alhali babu fatar? Ta yaya aka san shekarunsu? Kuma wane amfani gare su da har ake kashe kuɗi wajen tono su da tsaronsu?

Daga wani baduku a birnin Kano

AMSA

Malam, Allah ya ƙara wa sana'a albarka, ya ba yaro sa'ar karatu. Tambayar nan ta fito daga bakin da ya dace, domin abin da ka gani a gilashin rabin aiki ne. Ɗamara aikin mutum biyu ce, maƙeri da baduku. Na maƙerin ne ya tsira har ya kai gidan tarihi, na ɗan'uwanka baduku kuwa ƙasa ta cinye. Fata ba ta jure kwanciya a ƙasa mai damshi da iska, nan da nan take ruɓewa. Takan tsira ne galibi a inda ruwa ya shafe ta ya hana iska shiga, kamar sansanin Vindolanda a arewacin Ingila inda aka tono dubban takalman Rumawa, ko a wuri busasshe ƙayau irin rairayin Masar. Tagulla halinta daban. Koren nan da ka gani riga ce da ƙarfen ya yi wa kansa: samansa ya haɗu da gishirin ƙasa ya daskare, ya tsare na ciki. Shi ya sa baƙin ƙarfe ke komawa dunƙulen tsatsa, ita kuwa tagulla ta fito da zanenta raɗau bayan shekara dubu biyu.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin in aka san matsayin ɗamara a wurin sojan Rum, sauran bayanin zai zo da sauƙi.

A Hausa in an ce masu ɗamara, kowa ya san soja da ɗan sanda ake nufi. Rumawa sun kai wannan magana matuƙa. Sojansu ba kullum yake cikin sulke da kwalkwali ba. In yana zaga kasuwa, ko an aike shi kamo mai laifi, taguwa ce a jikinsa irin ta kowa, da mayafi a kafaɗa. Abu biyu ke raba shi da farar hula: takalmi mai ƙusoshi a tafi, da ɗamara mai ƙarafa wadda takobi ke rataye a jikinta. A ƙarni na farko na miladiyya suna ce mata balteus, daga baya sunan cingulum ya fi tashe.

Don haka kwance wa soja ɗamara babban wulaƙanci ne. Marubucin tarihi Suetonius ya ce Sarki Augustus, wanda ya mutu a shekara ta 14 miladiyya, yakan hukunta mai laifi a rundunarsa ta hanyar tsayar da shi wuni guda a ƙofar mazaunin kwamanda, daga shi sai taguwa, ba ɗamara. Babu bulala, babu mari. Taguwar ta saki ta zubo ƙasa da gwiwa, duk mai wucewa ya kalla, shi ke nan hukunci ya cika.

Wani marubucin tarihin, Tacitus, kuma ya kawo wani labari na shekara ta 69, shekarar da mutum huɗu suka hau gadon sarautar Rum ɗaya bayan ɗaya. Sojojin Vitellius, ɗaya daga cikin huɗun, sun yada zango mil bakwai daga birnin Rum, ana raba musu abinci, mutanen gari suka kutsa cikinsu. Sai waɗansu 'yan tsokana suka riƙa lallaɓawa suna yanke wa sojoji ɗamara, sa'an nan su tambaye su ko suna ɗaure da makamansu. Su wasa suke yi, ashe tsuliyar dodo suka tsokano. Sojoji suka zare takuba suka afka wa mutanen da ko sanda ba su riƙe ba. Cikin waɗanda aka kashe har da mahaifin wani soja da ya rako ɗansa.

Ɗamarar kuma asusu ce. A farkon shekarar ta 69, lokacin da Vitellius ke tara kuɗin yaƙi a bakin Kogin Rayin, ƙananan sojojin da ba su da tsaba sun miƙa ɗamarorinsu da kayan adonsu na azurfa a madadin kuɗi, kamar yadda mace ke cire sarƙa da ɗan kunne ranar da gida ya shiga matsi. A garin Karanis na Masar an tono wata wasiƙa ta shekara ta 99, inda wata mata ke gaya wa wani soja cewa ta ji labari ya samu ɗamara biyu, kuma ta yi murna ƙwarai. Mai ajiye aiki ma da ɗamara yake sanarwa. Labaran coci sun ce a shekara ta 298 wani hafsa mai suna Marcellus ya kwance tasa ya jefar a bainar jama'a, ya ce addininsa na Kirista ya hana shi ci gaba da aikin. A Tanja, ƙasar Maroko ta yau, aka yanke masa hukuncin kisa. Daga zamanin Sarki Diocletian, wanda ya yi mulki daga 284 zuwa 305, har ma'aikatan ofis na daula sun koma ɗaura ɗamara irin ta soja. Ba da ita naɗi ne, karɓe ta tuɓewa ce, kamar dai rawani a wurinmu.

Ka ga ke nan, guntun tagullar nan katin shaida ne. Duk inda ya faɗi, akwai alamar wani bawan daula ya taka wurin.

Yanzu sai tambayarka ta farko. Hanya uku aka bi aka gane su.

Ta farko ita ce duwatsun kabari. Sojojin da suka mutu a sansanonin bakin Rayin, irin su Mainz da Bonn, akan sassaƙa surarsu a tsaye a jikin dutse, kuma masassaƙin ya fi ba ɗamara kulawa a kan fuska. A dutsen wani soja mai suna Annaius Daverzus, wanda aka samu kusa da Bingen, ana ganin ɗamara biyu sun gitta juna a ƙugu, ɗaya ta takobi a dama, ɗaya ta wuƙa a hagu, ga kuma tsirkiyoyin fata takwas suna reto a gaba, kowacce an jera mata ƙusoshin ado daga sama har ƙasa. Wanda ya tono irin waɗannan ƙusoshi a ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi dutsen, ya san mazauninsu.

Ta biyu ita ce gawar da aka samu da ɗamararta a ƙugu. A shekara ta 79 dutsen Besubiyas ya yi aman wuta ya binne garuruwan Pompeii da Herculaneum a Italiya. Daga shekarun 1980 masu tono suka isa tsohon bakin tekun Herculaneum, suka tarar da ƙwarangwal kusan 300 na mutanen da suka taru a rumfunan jiragen ruwa suna jiran ceto. Ɗaya daga cikinsu yana kife a kan rairayi, mutum mai kimanin shekara 40. Takobi da wuƙa na ƙugunsa, jakar kayan sassaƙa na bayansa, ga tsabar azurfa da zinariya. Ƙarafan ɗamararsa masu adon azurfa suna nan a jere yadda baduku ya dasa su. A 2021 shugaban masu kula da wurin ya kawo hujjar cewa mai yiwuwa hafsa ne daga jiragen yaƙin da Pliny Babba ya taso da su daga Misenum don ceton mutane, tafiyar da shi Pliny ɗin ya rasa ransa a cikinta. Abin dariya a nan, Pliny ne ya yi gunaguni a littafinsa na sanin halitta cewa sojoji sun cika son ado, ɗamarorinsu sai kacau-kacau suke da fallayen azurfa. Amma a Xanten ta Jamus an samu kayan doki masu ruwan azurfa da aka rubuta sunansa a jiki, tun lokacin da yake shugaban mahaya. Ko na dokinsa ne ko na wani daga cikin yaransa, suna nan a babban gidan tarihin Birtaniya a Landan.

Daga irin waɗannan gawawwaki aka san sassan ɗamarar ƙarni na farko. Akwai kan ɗamara mai siffar rabin wata da harshensa a tsakiya, an haɗa shi da falle na farko da mahaɗi mai lanƙwasa irin na murfin akwati. Akwai fallayen tagulla masu kusurwa huɗu da ake jerawa a kan fatar, kowanne da ƙusa a kusurwoyinsa. Akwai maɓallai biyu masu ƙafa inda ake rataye kuben wuƙa. Akwai ƙusoshin tsirkiyoyin gaba da 'yan lilon da ke bakinsu, wasu kamar ganye, wasu kamar jinjirin wata. Akwai kuma ƙarfen da ake matse bakin madauri da shi don kada ya tsage, ya kuma yi nauyin da zai kwanta.

Hanya ta uku ita ce wadda za ka fi ni ganewa, wato karanta ƙarfen kansa. Ɗauki falle ɗaya ka juya bayansa. Ƙusar tana nan, bakinta a dake ko a lanƙwashe. Tazarar da ke tsakanin bayan fallen da inda aka dake ƙusar ita ce kaurin fatar da ta ruɓe. Tsawon fallen daga sama zuwa ƙasa shi ne faɗin ɗamarar. Faɗin ramin kan ɗamara shi ne faɗin madaurin da ke shiga cikinsa. In gefe ɗaya ya siɗe ya yi siriri, nan ne fata ta shekara tana goga. In aka ga ƙusa uku na tagulla, ta huɗu ta baƙin ƙarfe, to an taɓa kai ta gyara, mai gyaran kuma ya sa abin da ya samu a hannu. Fatar ta tafi, amma ta bar awonta a jikin ƙarfe.

Da wannan karatu ake raba na mutum da na doki da na sulke. Kayan doki sun fi kauri da nauyi, zobbansu sun fi siɗewa saboda ja. Rumawa ba su da likkafa, sirdinsu mai ƙaho huɗu ne da ke riƙe cinyar mahayi, saboda haka madaurin ƙirji da na gindi suna da aiki sosai, kuma a mahaɗarsu ake sa fayafayan tagulla masu lilo. Na sulke kuwa ƙanana ne sirara, sau da yawa da tsatsa manne a bayansu, domin a jikin baƙin ƙarfe aka dasa su. An daɗe ana tsintar irinsu ana gardamar yadda suke haɗuwa, sai a 1964 aka tono wani akwatin katako a Corbridge ta arewacin Ingila, cike da sulken fallayen ƙarfe da wani ya naɗe ya binne a ƙarni na biyu. A nan aka ga kowane ƙugiya da mahaɗi a gurbinsa, har masanin makamai Russell Robinson ya sake ƙera sulken aka sa a jiki.

Sai batun shekaru. Awon nan da ake yi wa ƙashi da gawayi don sanin daɗewarsu ba ya aiki a kan tagulla. Abin da ake yi shi ne a nemi wuraren da rayuwa ta tsaya cak a shekarar da aka sani, kamar agogon da ya faɗi ya tsaya. Duk abin da ke ƙarƙashin tokar Herculaneum bai wuce shekara ta 79 ba. A birnin Lyon na Faransa an tono wani soja a 1950, kuɗin da ke jakarsa mafi sabunta an buga shi a 194, shekara uku kafin babban yaƙin da Sarki Septimius Severus ya yi da abokin hamayyarsa Clodius Albinus a bakin birnin a 197. Garin Dura-Europos da ke bakin Kogin Furat a Siriya, Farisawa sun ci shi wajen 256 aka watse aka bar shi, har an samu gawar sojojin Rum kusan 20 da kayansu a cikin wani rami ƙarƙashin ganuwa. In aka jera kayan waɗannan wurare, sai a ga yayi yana tafiya, domin sojan Rum ɗan yayi ne. Kai ma in aka kawo maka tsohuwar jaka, daga ɗinkinta da launinta kakan ce wannan aikin zamanin iyayenmu ne.

A ƙarni na farko ana shafa wa fallayen kuza ko azurfa su yi fari tas, a zana musu ganye da layuka, a cike zanen da wani baƙin haɗi na farar wuta da ƙarfe, ya fito kamar kwalli a farin ido. Waɗansu kuma ana buga musu hoto daga baya ya tasa. A sansanin Vindonissa na Suwizalan an samu masu hoton kyarkeciyar da tatsuniyar Rumawa ta ce ta shayar da tagwayen da suka kafa birninsu. Tsirkiyoyin gaba kuwa, da can an ɗauka kariya ce ga mara, amma masana irin su Mike Bishop sun nuna ba za su tare sara ko suka ba. Aikinsu ado ne da ƙara. Ka ƙiyasta mutum ɗari suna tafe a kan titin dutse, takalma masu ƙusoshi na ƙwas-ƙwas, lilo na kacau-kacau. Tun kafin su sha kwana an san masu zuwa.

A ƙarni na biyu tsirkiyoyin suka gajarce har suka ɓace. Fallayen suka yi siriri, aka koma huda su ana fitar da zane ta yadda launin fatar zai leƙo ta ramukan, ko a narka gilashi ja da shuɗi a cike gurabe da shi. Wajen ƙarshen ƙarnin aka yi yayin haruffa: kowane harafi a zuba shi daban da tagulla, a jera su a kewaye ƙugu. Sojan nan na Lyon haka tasa take, haruffan sun ba da kalmomin Latin biyu, utere da felix, ma'ana yi amfani da ita cikin sa'a. Daidai yake da abin da kake gaya wa wanda ya karɓi sabon aiki a rumfarka: a kashe lafiya.

A ƙarni na uku kan ɗamara ya koma zobe, babba, ba harshe a mafi yawansu. Bakunan fatar biyu ake zurawa ta ciki a naɗo su baya a maƙale a maɓalli. Takobi ya ƙara tsawo, ya bar dama ya koma hagu, yana rataye a hamila mai faɗi da ta ratso kafaɗa. A jikin hamilar akan sa faifai mai hoton gaggafa, da rubutun roƙon gunkinsu Jupiter ya tsare dukkan mayaƙa.

A ƙarshen ƙarni na huɗu da farkon na biyar ɗamara ta yi faɗin da ba a taɓa gani ba, wata ta kai santimita 10 ko fiye, faɗin tafin hannu. Ka san halin fata mai faɗi, in ta sha gumi sai ta naɗe. Don haka aka riƙa dasa mata ƙarafa a tsaye daga sama zuwa ƙasa su miƙar da ita. Manyan fallayen kuma aka cika su da zane mai zurfi da kusurwoyi, kamar sassaƙar ƙwarya, wanda ke kama hasken rana ta ko'ina, gefunansu da kawunan namun daji ko kifaye biyu suna fuskantar juna. An fi samun irinsu a bakin Rayin da Danub, da arewacin Faransa, da Oudenburg ta Beljiyam, da kudancin Ingila, inda aka tono wani kabari mai irin wannan ɗamara a Dorchester ta bakin Kogin Thames tun 1874.

Ƙarfen kansa ma yana magana. Aikin maƙeran fari ne. In aka haɗa jan ƙarfe da kuza a samu tagulla mai duhu, in aka haɗa shi da tutiya a samu mai ruwan zinariya. Kayan soja na ƙarni na farko yawanci na biyun ne, irin ƙarfen da daula ke buga kuɗin sestertius da shi. Daga baya sai a ga dalma ta yi yawa, haɗin ya cakuɗe, alamar ana narka tsofaffin kaya ana sake zubi. Ashe su ma suna da 'yan gwangwan nasu. A yau akwai na'urar da ke haska ƙarfe ta faɗi abin da ke cikinsa ba tare da an kankare shi ba. Zubin kuwa a yumɓu ake yinsa, wani lokaci da kakin zuma da ake narkarwa ƙarfe ya maye gurbinsa, dabarar da maƙeran Ife da Benin su ma suka ƙware a kai. A cikin sansanoni da ƙauyukan da ke ƙofarsu an samu fasassun mazubai da kayan da zubinsu ya ɓaci aka yar. Wato a wurare barkatai ake ƙera su, amma duk da haka yayi ɗaya ake yi daga Ingila har Siriya, domin ana ta sauya wa runduna wurin aiki, kuma soja ba ya son a ce ɗamararsa ta ƙauye ce.

To ga amfaninsu a aikace. A shekara ta 9 miladiyya ƙabilun Jamus a ƙarƙashin Arminius suka hallaka runduna uku ta Rum da kwamandansu Varus a cikin daji. An shafe ƙarnoni ana gardamar inda abin ya faru. A 1987 wani hafsan sojan Birtaniya, Tony Clunn, ya tsinci kuɗin Rumawa da na'urar neman ƙarfe a Kalkriese, aka shiga tono, yanzu kuma mafi yawan masana na ɗaukar nan ne fagen. Waɗanda suka ci yaƙin sun kwashe takuba da kwalkwali da duk abin kirki. Abin da suka bari shi ne ƙananan da suka fizge suka faɗa cikin ciyawa: ƙusa, ƙugiya, kan madauri, lilon doki. Aka sa wa kowanne alama a taswira, sai ga hanyar da rundunar ta bi, da inda aka matse ta tsakanin tudu da fadama. Abin da mai ganima ya raina shi ya ba da labarin.

Haka ake bin sawun sojan Rum a Afirka ma. An samu kayan ɗamara da na doki a Volubilis da Thamusida na Maroko. A Libiya sansanoninsu sun gangaro kudu har Bu Njem, wanda aka gina a 201, da Gadamas, garin da fatakensa suka saba da Kano ƙarnoni da yawa bayan haka. Mulkinsu bai tsallako Sahara ba. Rumawan da aka ambata a Suratur Rum kuwa magadansu ne na gabas, masu hedkwata a birnin da ake kira Istanbul a yau, zamanin Sarki Hirƙal wanda ya yi mulki daga 610 zuwa 641. Su ma ɗamara ba ta daina zama alamar muƙami a wurinsu ba.

Sai dai ɗamara tana da iyakar abin da za ta faɗa. A 1961 masana biyu, Sonia Hawkes da Gerald Dunning, sun nazarci kawunan ɗamara na ƙarshen zamanin Rum a Ingila, suka danganta su da sojojin haya daga ƙabilun Jamus. Masu bincike na baya suka nuna cewa kaya ne na aikin daula da na yayi, kowace ƙabila na ɗaurawa, wasu a Ingilan aka ƙera su, wasu ma a kabarin mata aka same su. Sa babbar riga ba ya mai da mutum Bahaushe.

Game da 'yan gwangwan, gaskiyarka. In aka ɗora guntun nan a sikeli bai kai kuɗin shayi ba. Darajarsa tana ga sanin inda ya kwanta, a wane zurfi, kusa da me. Wanda ya haƙe shi da dare ya kai kasuwa ya sayar da ƙarfe, ya kashe labari. Shi ya sa tun 1997 Ingila da Wales suka kafa tsarin da mai tsintuwa zai kai wa jami'i a rubuta abin da inda aka same shi, kuma an rubuta kaya fiye da miliyan ɗaya ta wannan hanya. Mu ma mun ɗanɗani wannan asara a gumakan yumɓu na Nok da aka yi ta haƙewa ana fitarwa ba tare da an rubuta komai ba. Kuma wanda ya samu tsohuwar tagulla kada ya goge ta da toka ko lemon tsami don ta yi ƙyalli, domin ragowar ruwan kuza da sawun fata duk a cikin koren suke.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so ka gaya wa yaro ya je ya gano maka. A garin Haltern, can Jamus ɗin, akwai tsohon sansanin Rumawa na zamanin Augustus. A 2019 wani matashi ɗan shekara 19 da ke koyon aikin tono ya ci karo da wani dunƙulen tsatsa a maƙabartar sansanin. Ba su fizge shi ba. Suka yanko shi da ƙasarsa gaba ɗaya, aka kai ɗakin gyara, aka haska cikinsa, aka shafe wata tara ana kankarewa a hankali. Sai ga wuƙa a cikin kubenta mai adon azurfa da jan gilashi, ga ɗamararta da fallayen tagulla masu ruwan kuza, ga ƙugiyoyi biyu na rataye wuƙar. A jikin ƙarafan kuma aka tarar da guntattakin fatar kanta, da ɗinkinta na zaren lilin, wanda ake samu daga ɓawon wata shuka kamar yadda muke fitar da igiya daga rama. Gishirin ƙarfe ne ya ratsa fatar ya hana ta ruɓewa.

Da maƙerin da badukun, babu wanda aka san sunansa. Amma aikin ɗaya ya riƙe na ɗaya shekara dubu biyu, har ya iso hannun masu gani. In yaron ya samu zuwa, ka ce ya matsa kusa da gilashin ya ɗauko maka hoton ɗinkin. Kai za ka gaya mana ko hannun ya iya.